Gwaggo Ta Ƙi Fenti

Karo na uku ke nan fenti yana saɓulewa daga jikin Gwaggo, kuma Direba ya riga ya yanke hukunci cewa masu yin fentin zamani ba su da tsoron Allah. Ya sa farce a gefen tukunyar tururinta ya ɗan ɗaga, sai ga koren ya biyo shi salin-alin kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Tagulla ta leƙo tana ƙyalli, kai ka ce ba a taɓa fesa mata komai ba.

Gwaggo dai ba mutum ba ce. Kan jirgin ƙasa ne mai cin gawayi, lamba arba'in da bakwai, wanda Direba ya tuƙa shekara goma sha tara kafin a kawo na zamani. Ma'aikata ne suka laƙaba mata sunan, don ba ta tashi sai ta yi tari, ba ta hawa tudu sai an lallashe ta. Ita ta ainihin tuni aka yayyanka ta aka sayar wa masu tsohon ƙarfe. Wadda ke kan teburin Direba 'yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. 'Yarsa ce ta aiko masa da ita a kwali, gutsi-gutsi na tagulla fiye da ɗari uku, don ya samu abin yi ya daina bin uwarta ɗakin girki yana koya mata yadda ake rage wuta. Wata huɗu ya kwashe a ɗakin baya, tsakanin taga da keken ɗinkin matarsa, tabarau a bakin hanci, yana liƙe-liƙe da darma. Ya ƙona yatsa sau bakwai, ya ƙona labule sau ɗaya.

Ba don kansa yake wannan wahalar ba. Mai Shebur, wanda ya yi shekarun nan goma sha tara yana zuba wa Gwaggo gawayi a bayansa, idanunsa sun tafi, sai ɗan haske da duhu kawai yake bambancewa. Ranar Asabar 'yar Mai Shebur za ta zo ta ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, kuma shi da Direba duk sun san a shekarunsu irin wannan tafiya ba a cika dawowa daga ita ba. Direba ya yi masa alkawari a gaban mutane cewa ba zai shiga mota ba sai da Gwaggo a cinyarsa, fes, koriya shar yadda take ranar da aka fara kawo ta.

"Baƙa ce," in ji Mai Shebur a ranar.

"Koriya ce."

"Ni na kwana na tashi a cikinta, baƙa ce."

Shekara arba'in suna wannan musu, babu wanda ya taɓa sassautawa. Yau ga shi Litinin, Gwaggo kuwa ba baƙa ba koriya, tana zaune tsirara.

Akwai wani abu guda da Direba bai taɓa lissafawa cikin aikin ba, don a wurinsa ba aiki ba ne, kamar ƙifta ido yake. A aljihunsa na dama akwai wani tsumma da ya girmi 'yarsa ta ƙarshe. Kullum da safe, da ya ajiye kofin shayi, sai ya leƙa ko matarsa na kusa, ya ɗiga man keken ɗinki sau biyu a tsumman, ya bi Gwaggo da shi tun daga bututun hayaƙi har ƙafafu. Haka aka koya masa ranar da ya fara aiki: ba a tunkarar inji da komai sai an shafe shi da mai. Don haka duk safiyar da zai yi fenti, sai ya ƙara mata shafa ta musamman, ta yi santsi sosai, sannan ya ɗauko gwangwanin feshi.

"Malam, man kekena ƙarewa yake yi kamar ana shan shayi da shi," in ji matarsa tana ɗaga kwalbar a hasken taga.

"Kwalaben zamani ne, Maman yara, yoyo suke yi." Bai ɗauki kansa maƙaryaci ba, don a ganinsa ɗigo biyu ba ɗiba ba ne.

Ya sa hula ya nufi shagon fenti da ke ƙarshen titi, gwangwanaye uku a leda suna ƙarar-ƙarar. Mai Fenti mace ce mai yawan kai da komo a tsakanin kantoci, ta gaji shagon daga mahaifinta, kuma duk farcenta babu guda biyu masu launi ɗaya. Direba ya jera mata gwangwanayen a kan kanta kamar mai gabatar da shaidu a kotu.

"'Yata, wannan na fara fesawa, kore, ya saɓule. Kika ce sai na fara sa faraima a ƙasa don fenti ya samu abin riƙewa. Na sayi wannan mai ruwan toka, ta saɓule. Na koma wa wannan ja ɗin..."

"Baba, jan nan ai ba ni na ba ku ba. Da kanku kuka ɗauka ina hana ku. Na ƙofar gida ne da tagogin ƙarfe."

"To jirgi ba ƙarfe ba ne?"

"Ƙarfe ne, amma naku ƙusoshinsa ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan kauri gare shi, binne su zai yi."

Gaskiya ta faɗa, ya binne su, har Gwaggo ta fito sumul kamar sabulu. Amma Direba bai zo don a yi gaskiya ba. Ya gyara tsayuwa ya shaida mata cewa a zamaninsu da burushi ake yi wa jirgi fenti ya shekara goma cikin rana da ruwa. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta taka kujera ta sauko da wani siririn gwangwani daga can sama.

"Tagulla santsi gare ta, Baba, faraima ta yau da kullum zama kawai take yi a kanta, ba ta kamawa. Wannan kuwa akwai ɗan tsami a ciki da ke cizon ƙarfe ya riƙe. Amma tana da sharaɗi. Ku jiƙa jirgin a tina, ruwan nan mai narkar da fenti, tsohon fentin ya fita tas. Ku wanke da sabulun wanke-wanke da burushin haƙori, ku ɗauraye, ku bar shi ya bushe da kansa. Daga nan kada ku taɓa shi da hannu."

"Ban taɓa taɓa ta da hannu ba," in ji Direba, da zuciya ɗaya kuwa ya faɗa, tunda kullum akwai tsumma tsakaninsa da ita.

"Madalla. Ku girgiza gwangwani minti biyu cur. Ku ja baya kamar taƙi guda, ku fara feshin a iska kafin ku iso kan jirgin, ku wuce shi kafin ku saki. Siriri-siriri, har ana ɗan hango tagullar. Ku ba shi yini da kwana. Sannan kore, kuma wannan za ku ɗauka, danginsu ɗaya da faraimar. In kuka ɗora mata na mota mai zafi, yamutsewa za ta yi."

Ya karɓi koren ya juya shi, ya ce ya cika haske. Ta kawo wani, ya ce wannan na ganyen latas ne. Sai a na shida ya daɗe yana kallon murfin, don shi ne launin da ya gani wata safiya yana ɗan shekara ashirin da shida. Ya ce a sa masa a leda.

Talata ya bi umarni tiryan-tiryan. Ya jiƙa, ya kankare, ya wanke da burushin haƙorin da matarsa ta yini tana nema. Ya ɗora Gwaggo a kan tsohuwar jarida, ya kifa mata kwali saboda ƙura. Laraba da safe ya sha shayi, ya ɗaga kwalin, ya ga ta bushe ƙayau har tana ba shi tausayi. Ya leƙa ƙofa, ya ɗiga mai sau uku saboda muhimmancin ranar, ya shafe ta lungu-lungu. Ya fita da ita bayan gida, ya girgiza gwangwani yana kallon agogo, ya ja baya taƙi guda, ya fesa yadda aka ce.

Faraimar ta sauka, ta yi kamar za ta zauna, sai ta fara gudu tana tattarewa ɗigo-ɗigo kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo.

Direba bai ko tsaya sa hula ba. Ya naɗe Gwaggo a jarida ya bi titi yana huci, masu gaishe shi suna amsa wa kansu. Ya tarar da mutum biyu a shagon, ya ratsa tsakaninsu ya dire ta a kan kanta.

"Ga mai cizon ƙarfenki! Ko haƙori ɗaya ba ta da shi!"

Mai Fenti ta sunkuya ta duba. "Kun wanke?"

"Har da burushin matata."

"Kun bari ya bushe?"

"Yini da kwana."

"Kuma ba ku taɓa ba?"

"Yarinya, ina tuƙa jirgi tun ba a haife ki ba. In aka ce mini tsaya a jan fitila, tsayawa nake yi!"

Ya shiga zuba mata tarihi: tudun da ya hau da tarago talatin, gadar da ya ƙetare cikin ambaliya, takardar yabon da aka ba shi. Bakinsa na wannan aiki, hannunsa na dama kuwa ya tafi nasa. Ya shiga aljihu, ya fito da tsumma, ya soma bin bututun hayaƙi a hankali, ya gangaro tukunya, yana kewaye kowane lungu cikin ƙauna. Mutum biyun nan suka bi hannun da kallo. Mai Fenti ma ta bi shi da kallo, bakinta a ɗan buɗe.

"Baba," ta ce a hankali, "mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Na hannunku."

Ya duba hannunsa kamar na wani ne. "Tsumma ne."

Ta miƙo hannu, ya ba ta ba da son ransa ba. Ta kai hanci, ta yi saurin kawar da kai. "Man keken ɗinki ne wannan. Yaushe kuka shafa masa na ƙarshe, kafin yanzu?"

"Da safe mana. Wa zai yi wa inji fenti bai shafe shi ba?"

"Duk sau huɗun?"

"Duk safiyar Allah."

Mai Fenti ta yi iya ƙoƙarinta, don an yi mata tarbiyya. Ta cije leɓe, ta juya tana gyara gwangwanayen da ba su karkace ba, kafaɗunta na rawa. Ɗaya daga cikin masu sayayyar ne ya fara fashewa, daga nan kuma babu wanda ya iya riƙe kansa. Da ta samu numfashi ta share ido ta ce, "Baba, ku yafe ni. Babu fentin da ke zama a kan mai a duniyar nan. Ko wanda ya ƙera fentin ne ya zo da kansa, saɓulewa zai yi. Tun gwangwanin farko ba fenti ke da laifi ba."

Direba ya yi turus. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai ji ba tun yana sabon ma'aikaci. Can sai ya tambaya da ƙaramar murya ko akwai sauran lokaci kafin Asabar.

"Akwai, amma babu na kuskure. Yau ku sake wankewa. Gobe faraima, jibi kore. Asabar ku kai shi a kwali. Fentin zai bushe a sama amma cikinsa da saura, don haka kada a murza shi, kada mai ya kusance shi sai bayan mako guda." Ta ɗaga tsumman da yatsa biyu. "Wannan kuma ku ba Mama ta ajiye."

Bai yi niyyar gaya wa Mama komai ba, amma kafin ya iso gida labari ya riga shi, don ɗaya daga cikin masu dariyar ƙanen maƙwabciyarsu ne. Ya tarar da ita a bakin ƙofa, kwalbar mai a hannu ɗaya, ɗayan hannun a buɗe.

"Sannu da zuwa, Malam. Ashe an gano inda kwalbar ke yoyo."

Ya ajiye mata tsumman a tafin hannu. Ta jefa shi a tsohon gwangwanin madara, ta rufe, ta kai can saman kabad inda sai da kujera ake kaiwa, kujerar kuma ta ɗauke ta.

Safiyar Alhamis ta yi masa wuya fiye da duk wata huɗun. Ya ajiye kofi, hannunsa ya tafi aljihu ya dawo wayam. Ya sake tafiya ya sake dawowa. Ya tsaya a kan Gwaggo yana jin kamar zai tura yaro makaranta ba a wanke masa fuska ba. Matarsa ta lura yana satar kallon kwanon man shafawarta, sai ta kwashe duk wani abu mai maiƙo daga ɗakin, ta zura masa safar roba a hannu biyu, ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa da ɗinkinta.

"Fesa ina gani," ta ce.

Ya girgiza, ya ja baya, ya fesa. Faraimar ta sauka siririya, ta kwanta luf, ta zauna. Kowace ƙusa ta fito ɗaiɗai. Ya tsaya jiran ta gudu, ba ta gudu ba, har ya ɗan ji haushin yadda abin ya zo da sauƙi. Juma'a ya bi da kore, shafi uku sirara, yana ba da tazara a tsakani. Da rana ta faɗo ta taga ta sauka a kanta, sai ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kira matarsa ta zo ta gani. Gwaggo ce sak, ranar da aka kawo ta.

Asabar da hantsi suka tafi tare, shi rungume da kwali, ita tana gaba tana kore masa yara masu ƙwallo. Ɗakin Mai Shebur ya zama kango, an kwashe komai sai kujera ɗaya da shi a kai, sandarsa tsakanin gwiwoyi. 'Yarsa na ta kai da komo da jakunkuna zuwa mota.

"Baba Direba, sannunku da zuwa. Tun asuba yake tambaya ko kun iso."

"Na ji takunsa," in ji Mai Shebur. "Har yanzu yana jan ƙafar hagu. Ka kawo ta, ko ka kawo uzuri?"

Direba ya buɗe kwalin, ya ɗago ta da gindin katakon da ya kafa ta a kai, ya ɗora masa a cinya. Ya shirya jawabi tun a hanya kan yadda za a riƙe ta ta katako kawai, amma kafin ya fara, yatsun Mai Shebur sun riga sun hau. Suka bi bututun hayaƙi, suka ƙirga ƙafafu, suka shiga ɗan ɗakin tuƙi. Can suka tsaya cik. Direba ya liƙa wani ɗan shebur a jingine kusa da bakin wuta, wanda babu shi a kayan kwalin, da kansa ya yanko shi daga murfin gwangwani.

Mai Shebur ya shafa ɗan shebur ɗin da yatsa. Sannan ya ce, "A hagu nake jingine shi."

"A dama."

"Kai ka taɓa waiwayowa? Wane launi ka yi mata?"

"Nata. Kore."

"Ka ɓata ta." Ya ɗaga ta zuwa hanci ya shaƙa, ya yamutsa fuska. "Subhanallahi. Warin shago take yi. Direba, kai ne yau ka fito da inji a bushe? Tsufa ya kama ka."

Ya jingine sanda, ya sa hannu a aljihunsa na dama, ya zaro tsumma. Na Direba ɗan gata ne a kan wannan. Baƙi ne ƙirin, ya sha man inji da ƙurar gawayi tun na wancan zamani, kuma da gani ba a taɓa barinsa ya bushe ba.

Direba ya ƙura wa tsumman ido. Mako guda, in ji Mai Fenti. Gwangwani biyar, wanka biyu a tina, dariyar mutum uku a shago. Ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Matarsa ta taɓa masa gwiwar hannu. Ya dubi fuskar abokinsa, ya ga yadda ta saki, irin sakin da bai gani ba tun da idanun suka tafi. Sai ya mayar da hannunsa.

"Fara daga bututu," ya ce. "Kullum kana tsallake bututu."

Tsumman ya bi bututu, ya gangaro tukunya, ya shiga tsakanin ƙafafu. Fentin bai saɓule ba, faraimar Mai Fenti ta riƙe amana. Amma ƙyallin ya mutu nan take. Baƙin mai ya kwanta a kowane lungu, ya kewaye kowace ƙusa, ya dusashe koren har sai an ƙura ido ake ganinsa a ƙasa. A gefen tukunya babban yatsan Mai Shebur ya bar shaidarsa a fentin da bai gama ƙarfi ba.

Direba ya tsaya yana kallo. Koriyar da ya fesa jiya, sau ɗaya ya taɓa ganinta a duniya, safiya guda. Wannan da ke cinyar abokinsa kuwa ita ce wadda ya tarar kowace asuba shekara goma sha tara, da mutumin nan tsaye a bayansa yana tari yana zagin gawayi. Kuma yanzu mota za ta tafi da su duka biyun.

"Baba, mun shirya," in ji 'yar daga waje.

Direba ya kama shi ya miƙar, ya riƙe masa sanda don hannuwansa biyu na kan Gwaggo. Suka taka a hankali har mota. Da aka zaunar da shi, aka gyara masa ita a cinya, Direba ya sunkuya ta taga.

"Mai Shebur."

"Na'am."

"Baƙa ce."

Mai Shebur ya juyo da fuska wajen muryar. "Shekara arba'in," ya ce, "sai da na makance ka gani."

Motar ta tashi. Direba ya tsaya a bakin titi har ta sha kwana, hannunsa na dama yana ta lalube a aljihun da babu komai. Matarsa ta buɗe jaka, ta ciro gwangwanin madara, ta miƙa masa. Ya buɗe ya ciro tsumman, ya rasa abin da zai shafa, sai ya share idanunsa da shi.

"Malam, da mai a jiki fa," ta ce.

"Na sani," ya ce, ya sake sharewa.